A Digiri Nawa Mai Ke Zama Gawayi a Bakin Sil?

Idan ka tambayi mai sayar da man da ake zagaya zafi da shi a masana'antu iyakar abin da mansa zai jure, zai buɗe takarda ya nuna maka digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, wani ma ya ɗara haka. Ka juya wajen makanikin da aikinsa ke nan kwance famfo da sauya sil, wato abin da ke hana famfo yoyo, ya ce maka daga digiri 120 ya kamata ka fara sa ido, domin daga nan ne mai ke soma barin baƙin ɓawo. Tazarar digiri 180 ce tsakanin maganganun biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Mai sayarwa yana maganar man da ke gudu cikin rufaffen bututu, inda iska ba ta taɓa shi. Makanikin yana maganar ɗigon da ya sulale ya fito waje, ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, iska na bugun sa dare da rana. Mai ɗaya ne, amma halin da yake ciki ya bambanta, kuma halin ne ke yanke hukunci fiye da lambar da ke jikin takarda.

Sai an san yadda sil ɗin yake kafin maganar ta zauna. A inda shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, ya huda jikin famfo ya fito, dole a toshe hanyar yoyo ba tare da an hana shi juyawa ba. Makanikal sil yana yin haka da zobba biyu masu fuska a goge: ɗaya na juyawa tare da shaf, ɗaya na tsaye a jikin famfo, sifirin da ƙarfin ruwan cikin famfon suna danna su ga juna. Ana goge fuskokin har su daidaita matuƙa, ana kuma auna daidaiton da hasken iskar hiliyom, inda kowane layin haske yake nufin maikiron 0.29 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yawanci ba a yarda ya wuce layi biyu zuwa uku ba. Tsakanin fuskokin akwai wani siririn shimfiɗin mai, kaurinsa wajen maikiron ɗaya ko ƙasa da haka. Silin gashin mutum yana kai maikiron 70. Wannan ɗan shimfiɗin shi ne ran sil ɗin gaba ɗaya, kuma ba a tsaye yake ba: a hankali yake ratsawa daga gefen da ke da matsi zuwa gefen da ke buɗe ga iska. Wato kowane sil mai lafiya yana yoyo. Yoyon ne ya yi ƙanƙanta har ido ba ya kama shi. Idan ruwa ne ko man fetur, yana fitowa ya bi iska, shi ke nan. Idan mai ne mai nauyi, babu inda za shi.

Mu ɗauki misali da lissafi, don a ga zafin da ke tashi a wurin. A ce faɗin da'irar fuskar sil milimita 60 ne, faɗin bakin da ke gogayya milimita 3, famfon na juyawa sau 3000 a minti. Saurin gogayyar zai kai kusan mita 9.4 a daƙiƙa, filin da ke haɗuwa kuma bai kai murabba'in santimita 6 ba. In matsin da ke kan fuskar ya kai ba 5 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), aka ɗauki ma'aunin gogayya na 0.07 da aka saba lissafi da shi, zafin da ke fita zai kusa wat 190. A ido ba wani abu ba ne. Amma a raba shi a kan ɗan filin nan, za a samu sama da wat 30 a kowane murabba'in santimita, abin da ya ninka na ƙasan dutsen guga na lantarki sau da yawa. Duk wannan zafin yana bi ta cikin man da kaurinsa bai kai na ƙura ba. Shi ya sa abin auna zafi da ke jikin famfo yake yaudarar mutane. Yana faɗin zafin man da ke cikin famfon, alhali fuskar sil tana iya ɗara shi da digiri gommai, ƙananan tsinin da ke taɓa juna a kan fuskar kuwa suna yin zafin walƙiya da ya wuce haka nesa, ko da yake na ƙiftawar ido ne. Famfon da ma'auninsa ke nuna 100 yana iya zama ya daɗe da tsallake 120 a inda abin ya fi muhimmanci.

Hanyoyi biyu ne mai ke bi ya zama gawayi, kuma rikita su shi ne asalin gardamar.

Ta farko ita ce haɗuwa da iskar oksijin. Oksijin na kama ƙwayoyin man, ya haifar da sinadarai masu tsami, waɗannan su riƙa ɗaure da juna suna zama manyan ƙwayoyi masu danƙo. Da farko sai a ga launin ruwan ƙasa mai ƙyalli kamar fenti a jikin ƙarfe. Daga nan ya koma kamar kwalta. Zafi na ci gaba da korar sassan man marasa nauyi zuwa iska, abin da ya rage yana ƙara kauri, yana rasa haidirojin, har ya daskare ya zama baƙin abu mai tauri da sai an sa ƙarfe an kankare. Wannan hanya ba ta jiran digiri 300. Tana tafiya ko a digiri 60, sai dai tafiyar hawainiya. Tagulla da baƙin ƙarfe kuma suna zuga ta, ga shi kuwa cikin famfo ba a rasa ɓurɓushinsu.

Ta biyu ita ce tsagewar ƙwayoyin man saboda tsabar zafi, ko da babu iska ko kaɗan. Ga man da aka tace daga ɗanyen mai, wannan ba ya zama abin damuwa sai an haura digiri 300, yana kuma ƙaruwa da sauri daga wajen 350. A nan ne lambar mai sayarwa ta fito: man zagaya zafi na ma'adini, wato irin wannan da aka tace, ana ba shi iyakar wajen digiri 300 zuwa 315 a cikin bututu, da ɗan ƙari a jikin bangon bututun da wuta ke duka. Haɗin baifenil da daifenil oksaid, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Dowtherm A da Therminol VP-1, yana kaiwa digiri 400. Duk waɗannan lambobi da sharaɗinsu: a rufe tsarin, a sa naitirojin a saman tankin, kada iska ta shiga. Matatun mai ma suna da sashe guda da aikinsa shi ne yin gawayin man da gangan. Ana dafa ragowar mai zuwa kusan digiri 500, ana tura shi da gudu cikin bututun tanderu, har da ƙara masa tururi don kada ya tsaya, sai ya isa wani ƙaton tulun ƙarfe ya zauna na sa'o'i, a can ya daskare. Abin lura shi ne, a bututun da ya fi ko'ina zafi ba a bar shi ya daskare ba, saboda ba a ba shi lokaci ba. Bayan sil kuwa akasin haka ne: zafin bai kai ko kusa ba, amma ɗigon yana da watanni yana zaune, ga iska a wadace.

Lokaci shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Tun 1889 masanin Suwidin Svante Arrhenius ya bayyana yadda saurin haɗuwar sinadarai ke hawa da zafi, daga nan masu harkar mai suka ciro ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10, saurin lalacewar mai da oksijin yana ninkawa biyu. Ƙa'ida ce ta ƙiyasi, amma tana nuna girman abin. A ce wani mai zai yi sa'o'i 25,000 a digiri 60 kafin ya lalace, wato kusan shekara uku. A digiri 120 an ninka sau shida, saurin ya zama 64, shekara uku ta koma kwana 16. A digiri 180 ta koma sa'a shida. Na zaɓi 25,000 ne da gangan, domin ita ce tsawon aikin da ƙa'idar API 682 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka take so sil ya yi ba tare da an taɓa shi ba, kamar yadda yake a bugunta na huɗu na 2014. Da wannan lissafi za a gane cewa 120 ba katanga ba ce da mai ke cin karo da ita. Wuri ne da lalacewar ke yin saurin da zai riga ranar gyaran famfo zuwa. A digiri 110 ma gawayi na taruwa, sai dai wataƙila a sauya sil ɗin saboda wani dalili kafin ya yi ɓarna. A ganina, wanda ya ce "ai 115 muke, ba mu kai ba" bai fahimci lambar ba.

To, me ya sa ba a saya mai mafi inganci a huta? Wani lokaci ana iyawa, wani lokaci babu zaɓi. Idan famfon na jan ragowar mai ne daga gindin hasumiyar tacewa, man da ke tsakanin fuskokin shi ne kayan da ake turawa, kuma shi ne mafi munin abin da za a iya sa wa sil: cike yake da manyan ƙwayoyin kwalta da suka riga suka yi rabin hanyar zama gawayi. Akwai gwaje-gwajen da ke auna wannan hali, irin su na Conradson da ke ƙarƙashin ASTM D189, da ƙaramin gwajin D4530 inda ake dafa ɗan samfur zuwa digiri 500 cikin naitirojin a auna abin da ya saura. Suna da amfani wajen jera mai da mai, a san wanne ya fi barin saura. Amma ba su kwaikwayon siririn shimfiɗi mai shan iska na tsawon watanni, don haka wanda ya ɗauki sakamakonsu a matsayin iyakar zafin sil ya ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Inda ake da zaɓi shi ne sil mai hawa biyu, wanda ake zuba wani mai na daban tsakanin sil na ciki da na waje. A nan ake tafka kuskuren da ya fi ba ni mamaki, wato a ɗebo baƙin man mota ko man giya a zuba, a ce ai mai mai ne. Waɗannan an cika su da sinadaran ƙari: masu hana cin ƙarfe da ke ɗauke da zinki da fosfaras, masu wanke datti da ke ɗauke da kalsiyom, da dogayen ƙwayoyin roba masu riƙe kauri. A cikin injin mota alheri ne. A tsakanin fuskoki biyu da tazararsu maikiron ɗaya ce, zafi na sa su manne su bar toka da danƙo tun kafin shi kansa man ya gaji. Shi ya sa man da ake yi musamman don wannan aiki yake zama mara kauri, mai ƙarancin ƙari, yawanci daga PAO, wanda ake haɗawa a masana'anta ba a tace shi daga ɗanyen mai kai tsaye ba. PAO na jure oksijin fiye da man ma'adini, kuma ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya, babu marasa nauyin da za su tsere su bar masu nauyi. Man esta irin wanda ake sa wa injin jirgin sama yana aiki a wajen digiri 200. Man PAG, wanda shi ma haɗa shi ake yi a masana'anta, yana da wata ɗabi'a mai kyau: idan ya lalace, yawancin abin da ya rage yana narkewa cikin man ko ya bi iska, ba ya barin ɓawo mai yawa. Mai ɗauke da fulorin, PFPE, ya fi su duka juriya, sai dai ba kowane aiki ne ya cancanci a kai gare shi ba.

Akwai wani abin da ke zuwa wa mutane a ba-zata. Man ma'adini na rukuni na farko, wanda tacewarsa ba ta yi zurfi ba, yana saurin lalacewa, amma yana iya narkar da dattin da ya haifar ya riƙe shi a jikinsa. Na rukuni na biyu da na uku, da ma PAO, suna daɗewa kafin su lalace, amma ranar da suka fara, ba su da ƙarfin riƙe dattin, sai su sauke shi a kan ƙarfe. Don haka mai mai tsada yana jinkirta matsalar ne, idan kuma aka bar shi ya wuce wa'adinsa saboda an yarda da sunansa, an gudu ba a tsira ba.

Yadda gawayin ke kashe sil ya cancanci a tsaya a kai, domin ba ta inda ake zato yake bi ba. A yawancin famfuna man yana ta gefen waje na zobban ne, yoyon na ratsawa zuwa ciki, wajen hannun rigar ƙarfen da ke lulluɓe da shaf. A nan ɓawon ke taruwa. Ɗaya daga cikin fuskokin yawanci ta kabon ce, tana cinyewa a hankali, kuma sil ɗin an yi shi ne yadda sifirin zai riƙa tura zoben gaba yana cike gurbin, zoben robar da ke bayansa na zamewa a kan hannun rigar. Ranar da gawayi ya yi tudu a gaban zoben robar, zamewa ta ƙare. Fuskar na ci gaba da cinyewa, babu mai tura ta, tazara ta buɗe, yoyo ya ƙaru, ƙarin yoyon ya kawo ƙarin gawayi. Ɓaraguzan da suka ɓalle suna shiga tsakanin fuskokin su karce su, su gutsure bakin kabon ta ciki. Idan famfon ya tsaya ya huce, danƙon na iya manne fuskokin biyu, a tayar da shi ya fizge ɓarin kabon ko ya karya fil ɗin da ke jan zoben. A famfon da ke tura mai a zafin da ya haura inda man ke kamawa da wuta da kansa, buɗewar fuska ba maganar datti ba ce kuma, maganar gobara ce.

Shi ya sa API 682 ta raba iyaka. Nau'in A da B, masu zoben roba, an tsayar da su a digiri 176. Daga nan zuwa 400 sai nau'in C, wanda aka cire masa roba aka sa girafait mai lanƙwasa, aka kuma maye sifirin da zoben da ke zamewa da wani zugazugin ƙarfe na Alloy 718 da aka yi wa walda falle-falle. Tunda babu abin da ke zamewa a kan shaf, babu inda zai maƙale ta wannan hanya. Amma a lura, 176 iyakar roba ce, 400 kuma iyakar ƙarfe da girafait. Babu ɗaya daga ciki da ke cewa man ba zai zama gawayi ba. Zugazugin ma idan ɓawo ya cika tsakanin fallayensa, sai ya sandare ya zama kamar guntun bututu.

Maganin da ya fi shahara a sil mai hawa ɗaya shi ne tururi, tsarin da API ta ba lamba 62. Ana shigar da tururi mara ƙarfi, wajen ba 0.2, ta bayan sil, daidai inda yoyon ke fita, sau da yawa da wani ɗan bututun ƙarfe da ke karkata shi zuwa ƙarƙashin fuskokin. Aiki huɗu yake yi a lokaci guda. Yana korar iska, wanda shi ne babba. Yana sanyaya wurin, domin tururi mai digiri ɗari da 'yan kai sanyi ne a gefen ƙarfe mai digiri 300. Yana kwashe ɗigon kafin ya zauna. Idan kuma famfon na tsaye yana jiran aiki, yana hana mai mai nauyi daskarewa. Sharaɗinsa ya zama busasshe kuma kaɗan. Tururi mai ɗauke da ruwa idan ya faɗa kan fuska mai zafi yana fashewa ya girgiza ta, har ya tsaga ta. Wanda ya yi yawa kuma yana bin shaf ya shiga gidan boris ya gauraya da man da ke can. Garin neman gira a rasa ido. Abin da ake so shi ne a ga ɗan hayaƙi siriri na fita, ba gajimare ba. Inda babu tururi mai kyau ana amfani da naitirojin, wanda ke korar iska amma ba ya wanki kamar tururi.

Sanyaya man da ke kewaye da sil ma hanya ce, ta tsari na 21 ko na 23, inda ake bi da man ta na'urar sanyaya kafin ya isa fuskokin, ko na 32 inda ake shigo da wani mai mai tsabta da sanyi daga waje. Sai dai sanyi na da nasa sharrin. Mai mai nauyi idan ya huce yana yin kauri, kaurin na ƙara jan da ke tsakanin fuskokin, jan na haifar da zafi a daidai wurin da ake gudun sa. Kabon ma na iya yin ƙuraje, idan man da ya shige ƙofofinsa ya kumbura da zafin tashin farko ya ɗaga fatarsa. Dalilin da ya sa ake zaɓar kabon da aka cika da antimoni, ko a haɗa fuskoki masu tauri biyu. Na'urar sanyayar kanta tana toshewa da kakin man, rigar ruwan da ke jikin famfo kuma tana yin ɓawon farar ƙasa ta daina aiki ba tare da kowa ya sani ba. Kayan fuska na taimakawa ƙwarai: silikon kabaid yana wuce da zafi sama da wat 100 a kowace mita a kowane digiri, alumina wajen 25 zuwa 30, baƙin ƙarfe mara tsatsa wajen 15. Sauya zoben alumina da na silikon kabaid kaɗai na iya sauko da zafin fuska da digirin da, bisa ƙa'idar ninkawar nan, zai mayar da watanni shekara.

A sil mai hawa biyu, tsari na 53 da na 54 suna riƙe man tsakiya a matsin da ya ɗara na cikin famfo da aƙalla ba 1.4, don ya zama shi ne ke shiga tsakanin fuskokin, ba ƙazamin man ba. Wannan ya raba fuska da kwalta, ya kuma raba ta da iska a gefen ciki. Abin da ya rage shi ne man tsakiyar ya riƙa zagayawa. In iska ta maƙale a bututu, ko an yi masa lanƙwasa da yawa, zagayen ya tsaya, to ɗan man da ke kusa da sil na ciki zai zauna yana dahuwa alhali tankin na nan da sanyinsa. Taɓa bututun shiga da na fita, da duba launin man da ma'aunin tsaminsa lokaci-lokaci, sun fi karanta lambar jikin durom amfani.

Sai lokacin kashe famfo, wanda nan ne sil da yawa ke gamuwa da ajalinsu ba tare da an ɗora laifin a inda ya dace ba. Ana danna maɓalli, juyawa ta tsaya, zoben da ke zagaya man sanyaya ya tsaya tare da ita. Amma gangar jikin famfon, ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo a digiri 300, tana nan da zafinta, kuma zafin zai bi shaf ya gangaro wajen sil na tsawon sa'o'i. Idan a daidai wannan lokaci ma'aikaci ya rufe tururi da ruwan sanyaya saboda "ai an kashe", siririn man da ke tsakanin fuskokin zai ga zafin da bai taɓa gani ba lokacin aiki, yana tsaye cak, iska kuma ta dawo. Bayan mako biyu a tayar da famfon ya zubar da mai cikin minti na farko, a rubuta a takardar gyara cewa sil ɗin ya lalace wajen tayarwa.